Darasin Mako: Bulo Ya Cika Buhu, Me Za Mu Gina?

  Darasinmu na wannan mako a kan bulon wasa yake, wato 'yan bulon roban nan masu launi iri-iri da ake harhaɗawa a yi gida ko mota, waɗanda aka fi sani da sunan LEGO.

Wanda aka saya wa sabon kwali ba shi da matsala. A ciki akwai takardar umarni, ya bi ta shafi-shafi, ya sami motar da ke jikin hoton. Amma yawancin bulon da ke zuwa hannunmu ba haka yake zuwa ba. Wani daga kayan gwanjo aka tsinto shi, wani gadon yayye ne, wani kuma kyauta aka kawo wa makaranta a kwali. Duk a cakuɗe yake, taya nan, taga can, kan mutum-mutumi babu gangar jiki, takarda kuwa ta daɗe da ɓacewa. Yaro zai zazzage shi a ƙasa, ya gina katanga, ya gina dogon abu har ya faɗi, daga nan ya gaji. Sai buhu ya koma ƙarƙashin gado, tsintsiya ta riƙa kwashe bulon ɗai-ɗai. Asarar da ta fi wannan ita ce yaron ya tashi da tunanin cewa shi ba shi da basirar ƙirƙira. Wannan shi ne rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.

Abin da ke tsayar da mai buhu guda na bulo shi ne zaɓi ya yi masa yawa. Saboda haka darasin nan zai koya mana yadda ake rage zaɓin har dabara ta fito: a san kayan, a ware su, a sa wa kai iyaka, sannan a ɗaga kai a dubi abin da ke kewaye.

1. DAGA INA BULON YA FITO?

Asalinsa daga wani ƙaramin gari ne mai suna Billund a ƙasar Denmak. Akwai wani kafinta a garin, Ole Kirk Christiansen. A shekarar 1932, bayan karyewar tattalin arzikin duniya, aikin gini ya yi ƙaranci, sai ya koma yin kayan wasan yara na katako. A 1934 ya raɗa wa kamfaninsa suna LEGO, daga kalmomi biyu na harshensu da ke nufin a yi wasa da kyau. A 1949 kamfanin ya fara yin bulon roba, bisa samfurin wani bulo da kamfanin Kiddicraft na Ingila ya riga ya fitar. Sai dai bulon farko cikinsa fayau yake, ba ya kama ɗan'uwansa sosai, da an ɗaga gini sai ya wargaje.

Ɗansa Godtfred shi ne ya jagoranci gyaran. Aka sa 'yan bututai a cikin bulon ta ƙasa, yadda za su matse abin da ya shiga tsakaninsu. An yi rajistar wannan ƙirar a ranar 28 ga Janairu, 1958. Tun daga lokacin ba a canza ma'aunin ba, shi ya sa bulon da aka yi a 1958 yake kama wanda aka yi bana. Daga baya wa'adin rajistar ya ƙare, wasu kamfanoni a Kanada da Folan da Sin suka shiga yin nasu a kan ma'auni ɗaya. Don haka kada ka damu idan buhunka ya haɗa na kamfanoni daban-daban. Yawancinsu za su kama juna, ko da yake wani ya fi wani riƙo.

Abin lura a nan shi ne, da gangan aka ƙera bulon yadda kowane guda zai shiga da kowane guda. Cakuɗewar da kake gani a buhunka ba ta lalata komai ba.

2. SAN KAYAN AIKINKA

Magini ba ya fara aiki sai ya san sunan kayansa. Ga sunayen da za mu yi amfani da su a wannan darasi:

Maɓalli: ɗan tudun nan mai zagaye da ke saman bulo. Da shi ake auna komai. Bulo mai maɓalli biyu a faɗi, huɗu a tsawo, ana ce masa 2x4.

Bulo: mai kaurin. Tsayinsa milimita 9.6 ne idan ba a haɗa da maɓalli ba.

Falle: siririn. Kaurinsa milimita 3.2. Falle uku a kan juna daidai suke da bulo ɗaya.

Tayil: falle marar maɓalli, mai santsi, na shimfiɗa daɓe ko titi.

Mai gangare: wanda gefensa ya zube, na rufin ɗaki ko gaban mota.

Dandamali: faffaɗan falle wanda ake ɗora gini a kansa.

Daga tsakiyar maɓalli zuwa tsakiyar na kusa da shi milimita 8 ne. Wannan lamba tana da amfani ƙwarai. Idan kana son gini mai tsawon santimita 20, wato milimita 200, raba da 8, ka sami maɓalli 25. Haka kuma falle biyar sun kai milimita 16, wato daidai faɗin maɓalli biyu. Da wannan lissafin ne gwanaye ke kwantar da bulo a kan gefensa ya zauna daram cikin bango, idan suna son yin allon shago ko adon ƙofa.

Idan ka ga wasu manya-manyan bulo a buhun, wataƙila Duplo ne, wanda aka fara fitarwa a 1969 don ƙananan yara. Ya ninka na yau da kullum sau biyu a tsawo da faɗi da tsayi, kuma bulo 2x4 yana hawa kansa ya kama. Kada ka raina su. Su ne mafi kyau wajen cika cikin tsauni ko harsashin babban gini, sai a lulluɓe su da ƙanana.

3. LISSAFIN DA ZAI BA KU MAMAKI

Ɗauki bulo 2x4 guda biyu masu launi ɗaya. Hanya nawa za a iya ɗora ɗaya a kan ɗaya, ba tare da an karkata shi ba? Mu ƙirga tare.

Idan na sama ya bi tsawon na ƙasa, yana iya zama a wuri 7 ta tsawo, wuri 3 ta faɗi. 7 sau 3 ya ba mu 21. Idan kuma ya gitta, yana da wuri 5 ta nan, 5 ta can, wato 25. Jimla 46. Amma idan ka juya ginin gaba ya koma baya, za ka ga kowane zama yana da tagwaye, in ban da guda biyu da suka zauna a tsakiya cif. A cire biyun nan saura 44, a raba biyu 22, a mayar da biyun, ya zama 24.

Bulo biyu ke nan, hanya 24. Bulo uku suna ba da hanya 1,560. To bulo shida fa? Wani malamin lissafi na Jami'ar Copenhagen, Søren Eilers, ya sa kwamfuta ta ƙirga, ta sami 915,103,765. Da a ce mutum zai haɗa ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci ba cin abinci, sai ya yi kusan shekara 29 kafin ya gama.

Idan bulo shida iri ɗaya sun kai haka, ina ga buhu mai ɗauke da dubu biyu iri-iri? Ƙwaƙwalwa ba ta iya zaɓe a cikin abin da ba shi da iyaka, shi ya sa take tsayawa cik. Sauran darasin duk hanyoyi ne na taimaka mata.

4. MATAKI NA FARKO: WANKEWA DA WAREWA

Bulon gwanjo ya bi hannaye da yawa, don haka a fara da wanka. A zuba shi a baho da ruwa mai ɗumi kaɗan, wanda bai wuce digiri 40 ba, da ɗan sabulun wanke-wanke. A cuɗa da hannu, a ɗauraye, a shanya a inuwa a kan tsohon zani. Kada a zuba masa tafasasshen ruwa, domin robar tana lanƙwashewa, kuma kada a bar shi a rana, domin rana tana sa farare su koma ruwan ɗorawa. Masu batir ko waya a jiki, da masu takardar manne, a goge su kawai da tsumma.

Sai warewa. Kusan kowa da launi yake farawa: ja nan, shuɗi can. Yana da kyau a ido, amma yana wahalar da mai gini. Gwada ka gani. Neman ƙaramin jan bulo 1x2 a cikin kwano cike da jajaye aiki ne, domin duk sun saje. Amma neman ja a cikin kwanon da duk 1x2 ne masu launi daban-daban, kallo ɗaya ya isa. Ido ya fi saurin gane launi a kan siffa, saboda haka a bar wa ido launi, a ware da siffa.

Kashi shida sun isa a farko: bulo, fallaye da tayil, masu gangare, tayoyi da kayan mota, ƙofofi da tagogi, sai kuma mutum-mutumi da sauran baƙin guntaye. Ba sai an sayi akwati ba. Kwalin takalmi, gwangwanin madara da robar man shafawa duk suna yi. Lokacin aiki a shimfiɗa zani a ƙasa, idan an gama a kama kusurwa huɗu a tattare, ba abin da zai ɓace.

Gargaɗi: a nesanta ƙananan guntaye daga yara 'yan ƙasa da shekara uku, domin suna iya haɗiyewa su shaƙe. Kuma kada a raba bulo da haƙori. Idan fallaye biyu sun manne, a nemi 'yar robar da aka yi don ɓamɓarewa, sau da yawa takan zo a cikin buhun, ko a murɗa su a hankali har gefe ya buɗe.

5. MATAKI NA BIYU: TAMBAYI BULON DA KANSA

Da ka gama warewa, tsaya ka dubi kwanukan. Wanne ya fi cika? Amsar ita ce dabararka ta farko.

Idan tayoyi sun yi yawa, buhun tasha yake nema: bas, tirela, a-daidaita-sahu, garejin kanikawa. Idan tagogi da masu gangare ne, unguwa ce ko makaranta. Idan ruwan toka da ruwan ƙasa sun rinjayi sauran, ganuwa ce da ƙofar gari. Idan kuma ƙananan fallaye ne birjik, ba ka da kayan dogon gini, amma kana da kayan zane a kwance. Misali tutar Nijeriya: tsawonta ya ninka faɗinta, kuma kashi uku ne daidai wa daida. Yi ta maɓalli 12 a tsawo, 6 a faɗi, kowane launi ya ci maɓalli 4. Daga nan ka matsa zuwa dagi ko zanen hula. Zana shi tukuna a takardar giraf ta lissafi, kowane gida ɗaya ya zama maɓalli ɗaya.

Baƙin guntaye ma suna magana. Rufe ido ka zaro guda ɗaya, ka rubuta abu biyar da zai iya zama, ban da abin da aka yi shi dominsa. Ƙarfen taya yana iya zama tukunya ko bakin rijiya. Gilashin taga a kishingiɗe ya zama farantin sola. Abu mai kama da faifai ya zama lema ko murfin rumbu. Sau da yawa guntu ɗaya ne yake haifar da gini sukutum, domin da ka ce wannan rijiya ce, dole ka yi mata guga, ka yi mata gida, ka kawo mai ɗiban ruwa.

Idan launin da kake so bai isa ba, kana da hanya uku. Ka ɓoye baƙin launuka a ciki inda ido ba ya kaiwa. Ko ka jera su layi-layi da gangan, su zama ado. Ko ka zaɓi abin da dama can launinsa barkatai ne, kamar rumfunan kasuwa ko babbar motar katako mai zane a jiki.

6. MATAKI NA UKU: SA WA KANKA IYAKA

A tarukan horar da malamai ana yin wani ɗan wasa. Kowa a ba shi guntu shida iri ɗaya da na maƙwabcinsa, a ce ya gina agwagwa cikin ɗan lokaci. Ba wanda ke cewa bai san abin da zai gina ba, kuma idan an jera agwagin da wuya ka ga biyu sun zo ɗaya. Mutumin da zai zauna jugum a gaban buhu guda, ga shi ya gama aiki da guntu shida. Iyaka ce ta taimake shi. Ga iri biyar da za ku gwada:

Iyakar adadi. Ɗebi guntu 30 ba tare da zaɓe ba, ka rufe buhun. Da su kaɗai za ka yi dabba.

Iyakar lokaci. Minti goma, a gina abin hawa. Idan lokaci ya cika a ɗaga hannu.

Iyakar launi. Launi biyu kacal.

Iyakar amfani. Ginin ya yi wani aiki na gaske: mazubin alli, matokarin waya, gidan fensir, ko akwatin ajiyar makulli mai marfi.

Iyakar labari. A zaɓi wuri ɗaya a tatsuniya ko darasin tarihi a gina shi, kamar Bayajida a bakin rijiyar Kusugu ta Daura, ko Gizo a gonarsa.

Akwai kuma wasan gwangwani uku, wanda ya dace da aji. A gwangwani na farko a zuba takardu goma masu sunan abu: gida, jirgi, gada, shago da sauransu. A na biyu, wurare goma: cikin ruwa, kan dutse, hamada, duniyar wata. A na uku, sharuɗɗa goma: mai taya shida, mai hawa uku, na mai keken guragu, wanda ake naɗewa. Kowa ya zari ɗaya daga kowane gwangwani. 10 sau 10 sau 10, dabara 1,000 ke nan daga takarda talatin. Wani zai sami "shago, cikin ruwa, mai hawa uku", kuma dole ya yi tunanin yadda masu saye za su iso.

7. MATAKI NA HUƊU: ƊAGA KAI KA DUBI GARINKU

Yaran da ke ƙera mota da karan dawa ko gwangwani ba su taɓa riƙe takardar umarni ba. Motar suke kallo a titi, su lura da inda taya take da inda direba ke zama, su koma su yi. Wannan idon shi ake buƙata a nan. Hotunan jikin kwali gine-ginen wasu ƙasashe suke nunawa, amma ba wanda ya ce bulon ba zai yi zaure da zankwaye ba.

Ga yadda ake mayar da abin da aka gani ya zama gini:

Na ɗaya, zana shi a takarda ta gaba da ta gefe.

Na biyu, nemi alamomi uku da ake gane shi da su. Gidan gargajiya: zankwaye a saman kusurwa, ƙofar zaure, adon bango. A-daidaita-sahu: taya uku, rufi, gefe a buɗe. Idan ukun nan sun fito, kowa zai gane shi ko da sauran bai yi daidai ba.

Na uku, zaɓi ma'auni kafin ka ɗora bulo na farko. Mu ɗauki hasumiyar Agadas a Jamhuriyar Nijar, wadda aka gina da ƙasa, mai tsayin mita 27. Idan bulo ɗaya ya tsaya a madadin mita ɗaya, jeri 27 kake buƙata. 27 sau 9.6 ya ba da milimita 259.2, kusan santimita 26, bai kai tsawon rula ba. Alamominta kuwa: gindi mai faɗi, tana tsukewa zuwa sama, ga itatuwa sun leƙo daga jikinta. Sai ka riƙa rage faɗi bayan kowane 'yan jeri, ka saƙala siraran fallaye su leƙo waje.

Idan kana son ɗan mutum-mutumin LEGO ya shiga ginin, shi ne zai zama ma'auninka. Tsayinsa kusan santimita 4 ne, kamar bulo huɗu a kan juna, don haka ƙofa ta kai bulo biyar ko shida. Idan kuma bulonka kaɗan ne, ƙanƙanta komai: bulo 2x2 ɗaya ya zama gida, tayil ya zama titi, sai ga unguwa guda a kan dandamali ɗaya.

8. ƘA'IDOJIN MAGINA

Dabara mai kyau tana lalacewa idan gini bai tsaya ba. Ku lura da magina idan suna jera bulon siminti, ƙa'idarsu ita ce tamu.

Kada gaɓa ta hau kan gaɓa. Kowane bulo ya zauna a kan mahaɗar biyun da ke ƙarƙashinsa. Bangon da aka jera bulo a kan bulo sak, ginshiƙai ne kawai a tsaye kusa da juna, da an taɓa za su rabu.

A sarƙe kusurwa. Jeri ɗaya bangon gabas ya shiga cikin na kudu, jeri na gaba na kudu ya shiga cikin na gabas.

A ɗaure da dogon falle. Bayan kowane jeri huɗu ko biyar, da kuma saman ƙofa da taga, a shimfiɗa dogon falle ya haɗe su, kamar yadda linta ke yi a ginin gaske.

Gindi ya fi sama faɗi da nauyi.

Idan ana son ƙofa mai baka kuma babu guntun da aka yi don haka, kowane jeri ya leƙo ciki da maɓalli ɗaya daga hagu da dama, har su haɗu a sama.

Gwajin ƙarshe: ɗaga ginin da hannu ɗaya. Inda ya ɓalle, nan ne darasinka na gaba yake.

9. TAIMAKON INTANET

Wanda ke da damar shiga intanet, da izinin iyaye ko malami, yana da ƙarin hanyoyi. A cikin yawancin guntayen LEGO akwai 'yar lamba da aka rubuta ƙanana ƙwarai. Ta bulo 2x4 ita ce 3001. Da irin wannan lamba, ko da hoton da ke jikin wani guntu, ana iya gano kwalin da ya fito daga ciki a shafin BrickLink. Idan an san lambar kwalin, kamfanin LEGO yana ba da takardun umarni na kwalaye masu yawa kyauta a shafinsa. Shafin Rebrickable kuma, idan ka shigar da abin da kake da shi, zai nuna maka wasu gine-ginen da za su yiwu da kayan. Akwai ma manhajar waya mai suna Brickit: a baza bulo a ƙasa, a ɗauki hoto, ta kawo shawarar ƙananan abubuwan da za a iya haɗawa.

Shawara biyu a nan. Da wuya buhun gwanjo ya cika kwali ɗaya cif, saboda haka a koyi musanya: 2x2 guda biyu a madadin 2x4, falle uku a madadin bulo, shuɗi a madadin ja. Sannan a ɗauki takardar umarni a matsayin malami. Bi ta sau ɗaya ka ga yadda aka haɗa ƙafar taya ko rufi, sannan ka rufe ta ka yi amfani da dabarar a naka ginin. Kamfanin da kansa yana neman masu irin wannan basira. A tsarinsa na LEGO Ideas, duk ƙirar da ta sami goyon bayan mutum 10,000 ana duba ta, wasu har a mayar da su kwalin sayarwa.

10. RUBUTA, SANNAN KA RUSHE

Mutum yakan ji ciwon rushe abin da ya sha wahala a kansa. Amma ginin da ya shekara a kan kabad ya kulle guntu ɗari biyu ko uku, ƙura kawai yake sha. A ware littafi guda. Duk ginin da aka gama, a zana shi ko a ɗauki hotonsa, a rubuta kwanan wata, adadin guntaye, abin da ya ba da wahala da yadda aka warware shi. A bar shi mako ɗaya ko biyu kowa ya gani, sannan a rushe, kowane guntu ya koma kwanonsa. A bayan littafin a buɗe shafin "abin da zan gina", duk abin da ya burge ka a hanya ka rubuta. Ranar da kai ya toshe, can za ka duba.

GA MALAMANMU

Buhu ɗaya yana iya ɗaukar aji guda idan an raba ɗalibai rukuni-rukuni na mutum huɗu: mai zane, mai nemo kaya, mai gini, da mai gwaji da rubutu, suna musanya aiki. Malamin lissafi zai sami kayan koyar da kashi-kashi, faɗin fili da ma'auni. Malamin fasaha zai sami gada da ginshiƙi. Malamin Hausa zai iya sa ɗalibi ya bayyana yadda ya yi gininsa a rubuce, wani ya bi bayanin ba tare da ya ga ginin ba, a ga ko za su zo ɗaya. Muna roƙo kada a kulle irin waɗannan kaya a sito don tsoron ɓacewa. A ƙirga, a naɗa mai kula, a bar yara su taɓa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

TAMBAYOYI

1. Falle nawa ne suka yi tsayin bulo huɗu?
2. Bango mai tsawon santimita 32, maɓalli nawa ne?
3. Me ya sa warewa da siffa ta fi warewa da launi?
4. Bi hanyar da muka bi a sashe na 3, ka gano hanya nawa za a iya ɗora bulo 2x2 a kan bulo 2x4.
5. Kawo alamomi uku da ake gane ƙofar makarantarmu da su.

AIKIN MAKO

A ajiye littattafai biyu masu kauri ɗaya, a bar tazarar santimita 20 a tsakaninsu. A gina gada daga wannan zuwa wancan da guntun da bai wuce 60 ba, babu ginshiƙi a tsakiya. A gwada ta da littattafan rubutu, ana ɗorawa ɗaya bayan ɗaya har ta karye, a rubuta nawa ta ɗauka da kuma inda ta fara ɓallewa. Wanda ba shi da bulo ya haɗa kai da mai shi, ko ya yi tasa da kara da ƙaya a kan tazara ɗaya, a kwatanta.

A kawo amsoshi da zanen gada ga 'yan kulob kafin ranar Alhamis, da suna da aji a sama. Za mu manna waɗanda suka fi a wannan allo a fitowa ta gaba. Allah Ya ƙara mana basira. Mu kwana nan.

Daga Kulob ɗin 'Yan Jarida na Makaranta